Jakar Allura a Bayan Robobin Ruwa

Ranar Litinin

Zuwa ga maigidana, Baban 'Yan Biyu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da 'yan biyu da Inna. Yaya ƙafar Inna? Yaya kuma ciwon sugan naka? Kada ka ce mini lafiya lau, na san halinka, ina juya baya cokali biyu ke shiga shayi. Na bar wa 'yan biyu amanar gwangwanin sukari, kuma za su ba ni rahoto.

A takarda nake rubutawa sannan in ɗauki hotonta in turo maka, tunda ka san yatsuna da waya ba sa shiri. Mun iso lafiya, ni da matasan nan bakwai da ikkilisiya ta ɗora mini. An sauke mu a ɗakuna biyu a saman wani shagon gyaran taya, kusa da zauren da ake sujada. Kicin ɗinmu bai fi tabarma biyu ba, da wani tsohon firji mai gurnani. Faston nan siririn mutum ne mai sanyin magana, ya yi shekaru yana yi wa kujeru wa'azi, mutanensa ba su cika layi uku ba. Akwai tafinta, mace mai kirki da ta taɓa zama a wajenmu har harshenmu ya zauna a bakinta. Aikinmu shi ne mu fita biyu-biyu mu bi dogayen gidajen haya muna ƙwanƙwasa ƙofa. Na'urar hawa bene ta mutu a yawancinsu, gwiwoyina sun fara yi mini Allah ya isa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗan marigayi ƙanenka, wanda yara ke kira Ƙaramin Fasto, ya fita da Mai Gita, ɗaya daga cikin matasan, da tafinta, suka faɗa gidan wata mata mai aiki a shagon wanki da guga. 'Yarta tilo tana da ciwon suga, ba irin naka na ƙwaya ba, irin wanda ake yi wa allura kullum tun tana ƙarama. Yarinyar ba ta wuce shekarun 'yan biyu ba. Yaronmu ya ɗora mata hannu ya yi addu'a irin tasa, wadda ka sani, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Da ya gama ya ce wa uwar an warkar da ita, kada su sake waiwayar allura.

Jiya Lahadi sai ga uwar da 'yar a sujada. Ana tsakiyar waƙa uwar ta taso da wata 'yar jaka shuɗiya mai riƙe sanyi, ta ajiye a gaban bagade kamar yadda gurgu ke ajiye sanda a taron farkawa. A ciki akwai kwalaben maganin da allurai. Zauren ya kaure da ihu. Faston nan ya durƙusa yana kuka, Mai Gita ya kusa tsinka waya, 'yan matanmu suna ɗauka a waya. Maigida, ni ma na tafa. Hannuna yana tafi, gabana yana faɗuwa.

Bayan an tashi yaron ya ɗauki jakar ya ce da ita za mu koma gida, ya ɗaga ta a gaban ikkilisiyarmu kowa ya ga abin da Allah ya yi. Ya ɗora ta a kan akwatinsa, a bakin taga, inda rana ke dukanta. Ni kuwa shekara nawa ina bin ka asibiti, na sha jin ana gaya wa masu allura cewa zafi yana kashe maganin. Da suka fita sayen burodi na lallaɓa na ɗauke ta, na cusa a firji a bayan robobin ruwa. Ya neme ta, na ce na adana masa, bai ƙara tambaya ba.

Ka gaya mini gaskiya, rashin bangaskiya ne? Na san Allah yana warkarwa, na gani da idona a kan Inna. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ka sa mu cikin addu'a, kuma ka sha maganinka.

Taka har kullum,
Maman 'Yan Biyu

Ranar Laraba

Maigidana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna da yara. Na ga saƙonka. Na ji daɗi da ƙafar Inna ta saɓe, amma sauran labarin ya ƙara mini nauyi. Ka ce bidiyon ya riga ya zaga ikkilisiya, zumuntar mata sun yi rawa a kansa, kuma Babban Fasto ya ce ranar Lahadi yaron ne zai hau bagade ya ba da shaida da jakar a hannunsa. Ka kuma ce in kwantar da hankalina, ni dama akwai ni da saƙe-saƙe. To saurara ka ji.

Yau da hantsi na ja tafinta muka je shagon wankin, wai gaisuwa. Wuri ne mai zafi, injuna suna juyawa, tururin guga ya cika ko'ina. Uwar ta rungume ni tana murna. Yarinyar tana zaune a kan buhun kayan wanki da babbar robar ruwa a cinyarta. Kafin mu gama gaisawa ta shanye ta, ta tashi ta shiga bayi, ta dawo ta cika wata. Leɓɓanta sun bushe, idanunta sun faɗa. Da na kama hannunta ta yi mini murmushi, amma murmushin da ƙyar ya fito. Ka tuna makon da aka fara gano naka ciwon, kana kwana kana zarya tsakanin tulu da bayi? Haka ta koma, har ta fi.

Na sa tafinta ta tambayi uwar ko ba za a ci gaba da allurar ba har likita ya auna ya tabbatar. Fuskarta ta canza nan take. Ta ce bawan Allah ya gaya mata wanda ya karɓa ya waiwaya, abin da ya karɓa zai kuɓuce masa. Ta ce shekara da shekaru tana soka wa 'yarta ƙarfe a ciki da cinya, yanzu da Allah ya sauke mata wannan kaya ba za ta sa hannu ta sake ɗauka ba.

Daga can na wuce wurin Faston nan. Na same shi yana jera kujerun da ya aro, don tun Lahadi maƙwabta suke ta zuwa tambaya. Ya saurare ni har ƙarshe, kansa a ƙasa. Ya ce shi ma abin ya tsaya masa a rai, amma in ya je ya ce wa matar ta koma ga allura, gobe duk unguwa za ta ce cocin 'yan damfara ne, mu kuwa ranar Asabar za mu hau jirgi mu bar shi da su. Ya roƙe ni mu ƙara ba Allah lokaci. Ban ga mugunta a idonsa ba, tsoro na gani, kuma tausayinsa ya kama ni ko da yake raina a ɓace yake.

Sai shi gogan, Ƙaramin Fasto. Na kira shi kicin na rufe ƙofa. Tun Lahadi yake azumi, ya rame, idanunsa sai ƙyalli. Na gaya masa abin da na gani tiryan-tiryan. Ya ce, “Mama, gwaji ne. Shaiɗan ne ke kwaikwayon ciwon don ya ƙwace shaidar.” Na ce Shaiɗan bai shanye robar ruwa a gabana ba, yarinya ce. Ya fara jero mini ayoyi, ni da na koya masa haddar farko a makarantar Lahadi yana fama da majina! Na ce ya rufe mini baki. Ya rufe, ya rusuna kamar yadda ka tarbiyyantar da shi, ya ce zai yi mini addu'a Allah ya ƙara mini bangaskiya. Da ƙyar na riƙe hannuna.

Na san abin da ke cin yaron nan. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya kwana yana addu'a a kan ubansa, ubansa ya tafi. Tun daga nan yake jiran ranar da Allah zai amsa masa a gaban mutane, yanzu yana ganin ranar ta zo. Ta yaya zan ƙwace masa? Amma ba da ran 'yar mutane za a biya shi ba.

Sauran yaran sun rabu biyu, ana cin abinci ba mai kallon wani. Gobe da safe zan kai jakar da kaina, kome za a ce a ce. Ka yi mini addu'a, ba ta saƙe-saƙe ba, ta ƙarfin hali.

Matarka,
Maman 'Yan Biyu

Ranar Alhamis

Baban 'Yan Biyu,

Ina fata kun tashi lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, ina zaune a matakalar benen, ƙofar matar tana gabana a kulle. In ban rubuta ba zan fasa ihu ne.

Mun zo da safe ni da tafinta, jakar tana cikin gyalena. Uwar ba ta je aiki ba. Ta buɗe mana, muka shiga, ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya. Yarinyar tana kwance, ga roba a gefen gado, ta yi amai har ba abin da ya rage. Tana riƙe da ciki, tana jan numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi gudu. Da na sunkuya kanta na ji wani wari daga bakinta kamar na ayabar da ta nuna ta wuce. Na sha jin ma'aikatan asibitinku suna gargaɗi a kan wannan warin.

Na fito da jakar. Maigida, ka ce maciji na fito da shi. Matar ta ja da baya, ta ce na dawo mata da ciwon cikin gida. Ta tura mu waje, ba da faɗa ba, da kuka, ta sa sakata. Tafinta ta yi ta magana ta ramin makulli. Amsa ɗaya uwar take bayarwa: ba ni na yi addu'ar ba, ba ni Allah ya yi magana ta bakina ba. Wanda ya ce an warke, shi kaɗai za ta ji.

Tafinta ta kira motar asibiti, sun ce suna tafe, amma ba za su ɓalle ƙofar uwa ba sai da hukuma, wannan kuwa wani dogon zance ne. Na kira Faston nan, ya ce ga shi nan. Na kira yaron, wayarsa a kashe, wai yana zauren sujada yana addu'a. Na kira Mai Gita na ce ya je ya gaya masa in bai zo da ƙafarsa ba zan zo in jawo shi da kunne a gaban duk wanda ke wurin, kuma daga yau kada ya ƙara kira na Mama. Ban san ko na yi daidai ba. Abin da ya zo bakina ke nan.

Ta cikin ƙofa ina jin numfashin yarinyar. Maƙwabta sun fara leƙowa daga sama da ƙasa, suna kallon baƙuwa zaune da jaka shuɗiya a cinya. Wata tsohuwa ta miƙo mini ruwa, na kasa sha. Ina ta tunanin 'yan biyu. Da wani baƙo ne ya zo daga wata ƙasa ya ce ka zubar da maganinka, ya yi kwanakinsa ya hau jirgi, me zan yi masa?

Iyayen yaran nan sun ba ni amanar 'ya'yansu, na yi ta ƙirga kawuna a filin jirgi kamar mai kiwon kaji, ina tsoron kada ɗaya ya ɓata. Ban taɓa kawo wa raina cewa mu ne za mu zama abin tsoro ga wani ba.

Ina jin takun gudu daga ƙasa. Bari in tsaya nan. Duk inda wannan ta same ka, ka ajiye abin da kake yi ka durƙusa.

Ni ce,
Maman 'Yan Biyu

Ranar Juma'a

Zuwa ga maigidana, uban 'ya'yana,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ina fata kai da Inna da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Na san na bar ka a tsaye jiya, ka gafarce ni. Bari in fara da abin da kake jira: yarinyar tana da rai. Tana asibiti, an ɗaura mata ruwa, yau da safe ta buɗe ido ta nemi uwarta. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi.

Yaron ne ya hawo, yana haki, Littafinsa a hammata. Bai dube ni ba. Ya dubi jakar a cinyata, ya ce, “Ashe nan kika adana mini ita.” Daga jin muryarsa uwar ta zare sakata. Ya shiga da niyyar ya tsawata wa ciwon, na gani a tafiyarsa. Na bi shi. Amai ya sake taso wa yarinyar, na ɗauki robar na danƙa masa a hannu, na ce ya riƙe mata. Ya ajiye Littafin ya riƙe.

Da ya lafa mata ta ɗago ta gane shi. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, tafinta ta ƙi fassarawa, sai da na matsa mata. Wai yarinyar tana ba shi haƙuri ne. Ta ce ta yi iya ƙoƙarinta ta gaskata, amma ƙishi ya fi ƙarfinta, laifinta ne warkarwar ta gudu. Ta roƙe shi ya gaya wa Allah kada ya yi fushi da mamarta.

Maigida, na ga yaron nan ranar da aka binne ubansa, ban ga fuskarsa ta yi haka ba. Ya ajiye robar, ya karɓi jakar daga wurina, ya durƙusa a gaban matar nan gwiwa biyu. Ya ce wa tafinta ta faɗa yadda ya faɗa, kada ta gyara masa ko kalma. Ya ce, “Baba, Allah bai ce mini ta warke ba. Ni na so ta warke, na faɗa da sunansa. Laifin nawa ne, ba naki ba, ba nata ba. Ki karɓi maganin 'yarki, mu tafi asibiti.” Na gyara masa a raina, don mace ba a ce mata Baba, amma bakinsa ya riga ya rikice, kuma ina jin ba ita kaɗai yake gaya wa ba.

Matar ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ɗaga hannu ta wanke shi da mari, har maƙwabta suka ji daga waje. Bai kauce ba. Ta fizge jakar ta rungume a ƙirji, ta fashe da kuka. Ma'aikatan motar asibiti suna ƙasa, gadonsu ba ya juyawa a matakalar, sai shi ya goya yarinyar ya sauko da ita, mutumin da rabonsa da abinci tun Lahadi. Faston nan yana gaba yana buɗe hanya. A asibiti an duba kwalaben aka ce ba su lalace ba, da su za ta koma gida.

Ba zan yi maka ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Uwar ta ce kada wani daga cikinmu ya shiga ɗakin da aka kwantar da 'yarta, ni kaɗai ta bari na leƙa daga ƙofa. Faston nan ya mayar da kujerun da ya aro. Ya ce ranar Lahadi zai tsaya ya faɗi gaskiya ko mutum uku ne suka zo, kuma zai riƙa zuwa asibitin ko za a kore shi. Mun zo gina masa, mun bar shi da gyara. Na ba shi haƙuri da sunan ikkilisiyarmu, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Yaron ya sha shayi jiya da yamma, da hannuna na haɗa masa. Yana sha ya tambaye ni, “Mama, to Allah ya ji ni kuwa?” Na ce ban san duk abin da Allah ke ji ba, amma na san yarinyar tana numfashi, kuma a bayansa ta sauko. Yau ya ce mini zai hau bagaden ranar Lahadi kamar yadda aka shirya, hannu wofi, ya gaya wa ikkilisiya abin da ya yi. Na ce ba dole, zan iya faɗa a madadinsa. Ya ce shi ya faɗa wa matar an warke, ba ni ba.

Ga roƙona. Ka je wurin Babban Fasto yau ɗin nan, ka ce a daina tura bidiyon, a sallami masu ganga da aka shirya za su tarbe mu. Ranar Lahadi kuma kada ka zauna a kujerarka ta baya kusa da fanka inda kake gyangyaɗi. Ka sa babbar rigarka ka zauna a layin farko, daidai inda zai gan ka. Zauren zai yi tsit idan ya gama, na san mutanenmu, wasu har za su sunkuyar da kai. Kada ka jira kowa. Ka tashi ka hau ka tsaya kusa da shi, ka riƙe masa hannu har ya sauko. Ubansa ba ya nan, kai ne.

Gobe za mu taso in Allah ya yarda. Ka gaida Inna, ka ce wa 'yan biyu na yi kewarsu, kuma zan duba gwangwanin sukari.

Matarka mai ƙaunarka,
Maman 'Yan Biyu